Katsina Daga Gindin Bango

Matafiyin da ya taso daga Kano zuwa Katsina a tsakiyar damina yana da tafiyar kimanin kilomita 170 a gabansa, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Caranci, gero da dawa sun rufe gonaki dama da hagu, har ya iso Ƙofar Ƙaura ya faɗa titin IBB. Abin da aka saba nuna wa baƙo a birnin Dikko sananne ne: Ƙofar Soro da fadar Sarki, hasumiyar Gobarau, tsohuwar Kwalejin Katsina, da guntayen ganuwar da suka rage. Dukansu abubuwa ne da ake ɗaga kai a kalla. Ni kuwa shawarata ga mai ziyara ita ce ya zaga garin idonsa a ƙasa, yana duba kowane bango daga inda ya taɓa ƙasa zuwa tsayin gwiwa, domin a wannan ɗan tsakanin ne ake gane ginin da zai ga jikoki da wanda 'yan shekaru kaɗan za su kayar. Hujjar da nake son kafawa guda ɗaya ce. Babu shafen da ke hana ruwa shiga bango ɗari bisa ɗari, na ƙasa ne ko na siminti, saboda haka shafe nagari shi ne wanda aka bar wa ruwa hanyar fita a gindinsa, kuma irin hanyar da za a bari ta danganta da irin bangon da ake shafewa.

Kafin a shiga lungu, ya kamata a san abokin gabar. Ruwan da Katsina ke samu a shekara yakan faɗa tsakanin milimita 500 zuwa 800, amma kusan dukkansa a cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta kuma shi ne uban tafiya. Hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ruwan ya riƙa dukan bango a karkace, shi ya sa a ko'ina a ƙasar Hausa bangon gabas ne ke fara zaizayewa. In damina ta wuce sai hunturu ya busar da komai ƙayau, sannan zafin Afrilu ya haura digiri 40. Bango yana kumbura yana tsukewa tsakanin waɗannan yanayi, abin da aka shafa masa kuma dole ya bi shi ko ya tsage. Ta hanya uku ruwa ke isa ga bango. Akwai na sama, wanda ke gangarowa daga rufi. Akwai na gefe, wato feshin da iska ke kawowa da kuma wanda ya bugi ƙasa ya yi tsalle ya koma jikin gini. Akwai na ƙasa, danshin da ke hawa a hankali ta ƙananan kafofin da ke jikin tubali ko bulo, yana ɗauke da gishirin ƙasa, wanda in ruwan ya bushe yake barin farin gari a jikin bango har a ce kanwa ta ci gini. Duka ukun a gindin bango suke haɗuwa: na sama nauyinsa ke kawo shi, na gefe a nan yake tsalle, na ƙasa daga nan yake farawa.

Daga filin Ƙofar Soro, inda dawaki ke sukuwa ranar hawan salla, in aka kutsa cikin tsofaffin unguwanni irin su Yarinci da Gafai da Albaba da Masanawa, har yanzu ana cin karo da zaure ko katangar da aka yi da tubali tun zamanin kakanni. A tsaya a gaban ɗaya a dube shi da kyau. Gindinsa ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba, bangon yana sirancewa yayin da yake hawa, don haka ɓangaren da ruwa ya fi ci shi ne ya fi nama. Daga rawanin soron indararo ya miƙo waje, yana jefa ruwan rufi can nesa da tushe. A ƙasa kuma akwai dakali manne da bango. Yawancinmu wurin hira da shan iska muka ɗauke shi, alhali babban aikinsa shi ne karɓar dukan ruwan da ke tsalle, ya zaizaye a madadin bango, in ya ci sai a sake ɗora masa ƙasa ba tare da an taɓa ginin ba. Shafen jikin bangon na makuba ne, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a daka a jiƙa a kwaɓa da ƙasa. Rufi da rawani, inda ruwa ke kwanciya, su ake yi wa laso, haɗin katsi daga karofin marina da gashin jima daga majema da dafara. Makuba tana sa ruwa ya zame, amma ba ta toshe bango ba. Danshin da ya samu shiga yakan fita ta inda ya shiga da zarar rana ta fito, kamar dai yadda randar ƙasa ke tsattsafo da ruwa ta jikinta iska tana busarwa. Maginan da suka tsara wannan ba su yi alkawarin ruwa ba zai taɓa bango ba. Sun rage yawan wanda ke isowa, sun ba shi abin da zai ci, sun kuma bar masa ƙofa.

Hasumiyar Gobarau ita ce babbar shaida a kan cewa wannan tsari yana aiki. Tsayinta ya kai kimanin mita 15, ruwayar Katsinawa kuma tana danganta asalin masallacinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau da kuma zuwan Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15. Hawa-hawa aka yi ta, kowane hawa ya fi na bisansa faɗi, ta zauna daram a kan gindi mai kauri. Amma kuskure ne a ɗauka ƙarfin ƙasar kaɗai ya kawo ta yau. Gyara ne ya kawo ta, sarki bayan sarki, yaɓe bisa yaɓe. Haka abin yake a Rafukka, inda ginin ƙasa na Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, wadda kuma ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardauna, yake tsaye har yau a matsayin gidan adana kayan tarihi, shekaru da dama bayan makarantar ta koma Kaduna a 1938. A gefe guda kuma ga ganuwa. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso Katsina a 1851, ya rubuta cewa kaurinta daga ƙasa bai gaza ƙafa 30 ba. Tana samun gyara muddin tana tsare gari. Bayan Gwamna Lugga ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903, amfaninta na yaƙi ya ƙare, gyaran ya tsaya, ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka raba ta. Wanda ya bi ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri yau, ƙofofin zai gani, yawancinsu an sake su da siminti, ganuwar kuwa sai tuddai nan da can. Ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, amma wanda aka ci gaba da shafewa ya tsaya, wanda aka bari ya kwanta, duk kaurinsa.

Wannan wahalar gyaran ce ta sa da siminti ya wadata mutane suka rungume shi, kuma ba za a ga laifinsu ba. Sai dai a koma cikin lungu a duba abin da ya biyo baya. Ga katangar ƙasa an lulluɓe ta da filasta daga rawani har ƙasa, an yi fenti, daga nesa sai ka rantse bulo ce. A matso a ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa wajen tsayin gwiwa, sai a ji tana amsawa fanko, alamar filastar ta rabu da bangon. Wani wurin ta yi ciki, wani wurin fallen ya ɓamɓare ya faɗi, ƙasar da ke bayansa ta fito baƙa, da laima, tana marmashewa in an taɓa. Dalilin a fili yake. Siminti da ƙasa ba sa kumbura da tsukewa daidai, don haka filasta tana tsagewa, ko da tsagar ba ta fi silin gashi ba. Ruwan Agusta ya shiga ta tsagar, danshin ƙasa ya hau daga tushe, su duka biyun su rasa mafita, domin siminti ba ya barin danshi ya fita da sauri kamar makuba, kuma an kai shi har ƙasa an rufe bakin. Sai ruwan ya taru a gindi, inda nauyin ginin duka yake, tubali ya koma laka. Ginin ƙasa da aka bari tsirara yana zaizayewa ne daga waje, mai gida yana gani. Wanda aka rufe da siminti daga ciki yake ruɓewa, ba a sani sai daren da ya zauna. Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A Rancos de Tawos, a jihar Niyu Meziko ta Amurka, akwai tsohuwar majami'ar ƙasa da aka shafe da siminti a shekarun 1960 don a huta da yaɓen shekara-shekara. Kafin ƙarshen shekarun 1970 danshi ya lalata bangon a ɓoye, dole aka ɓamɓare simintin aka sake gina sassan da suka ruɓe, mutanen garin suka koma yaɓe da laka kowace shekara, suna kuma yi har yanzu.

A can Amurka ɗin ne aka ƙera wani ɗan ƙarfe na musamman saboda wannan matsala, wanda za mu iya kira ƙarfen tsiyaya. Yawancin gidajensu firam ne na katako, a rufe da allo, a shimfiɗa takarda mai hana ruwa, in na filasta ne kuma a kafa ragar waya, sannan a yi filasta hawa uku mai kaurin kimanin milimita 22. Sun yarda tun farko cewa ruwa zai ratsa filastar, don haka suka shirya masa hanya: ya gangaro ta jikin takardar har ƙasa, ya tarar da ƙarfen tsiyaya. Shi wannan dogon falle ne da ake kafawa a gindin bango, yana da kafaɗar da ke kwanciya a jikin allo, takardar ta sauko ta rufe ta, sai kuma leɓe mai gangara da ya fito waje, filasta ta tsaya a kansa, ruwa ya ɗiga ta ƙasansa ko ta hujojin da aka yi masa. Dokar ginin gidaje da yawancin jihohinsu ke bi ta ƙayyade komai: kaurin ƙarfen kada ya gaza rabin milimita, ya zama marar tsatsa ko kuma na roba, tsayin kafaɗar kusan santimita 9, sannan a ɗaga shi aƙalla santimita 10 daga ƙasa, ko santimita 5 in daɓe ne a wurin. Abin da ke faruwa in aka yi sakaci da mafitar ruwa, birnin Bankuba na Kanada ya gani. Dubban gidajen da aka gina a shekarun 1980 da 1990 da filastar da aka ɗauka ta toshe ruwa gaba ɗaya sun ruɓe daga ciki, har gwamnatin lardin ta kafa kwamitin bincike a 1998, dokar gini kuma ta koma wajabta barin rata a bayan shafe domin ruwa ya gangara.

To, sai a fita daga tsohon gari a nufi sababbin unguwanni. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 garin ke faɗaɗa, daga GRA zuwa rukunin gidaje irin na Goruba da Barhim da filayen da ake ta yankawa a bayansu, ginin kuma kusan duka na bulo ne da filasta. Shin mai gini a nan ya aika a sayo masa ƙarfen tsiyaya? A nan ne zaɓi ke bukatar hankali, domin kayan aiki ba ya aiki sai a inda aka yi shi dominsa. Ƙarfen tsiyaya bakin hanya ne, hanyar kuwa ita ce takardar nan da 'yar ratar da ke tsakaninta da filasta. A bangon bulo filasta manne take da bulon, babu takarda, babu rata, ruwan da ya shiga jikin bulon yake shiga. Ko dokar Amurka ba ta wajabta wannan ƙarfe a irin wannan bango ba. Wanda ya kafa shi a nan ya yi ƙofa ne a inda babu hanya. Abin da bangon bulo ke bukata ya fi kama da abin da maginan Ingila ke yi. Na farko, difisi na gaskiya, wato shimfiɗar leda mai kauri ko kwalta da ke yanke hawan danshi, a tsayin aƙalla santimita 15 daga ƙasar waje. A wurare da yawa a Arewa abin da ake kira difisi zubin kankare ne kawai ba tare da ledar ba, kankare kuwa yana rage danshi, ba ya yanke shi. Na biyu, filastar bango ta tsaya a kan layin difisi, kada ta tsallake shi ta sauka ƙasa, domin in ta sauka ta zama gadar da danshi zai bi ya haye. Na uku, bakin filastar ya ɗan buɗo waje ya yi leɓe, da 'yar tsaga a ƙasansa, yadda ruwan da ya gangaro zai ɗiga ƙasa maimakon ya lallaɓa ya koma jikin bango. Ana sayar da ƙarfe ko robar da ke fitar da wannan leɓe, amma mai filastar da ya san hannunsa yana fitar da shi da miƙaƙƙen katako, ya cire bayan simintin ya kama.

Ke nan bango iri uku, mafita iri uku. Bangon ƙasa mafitarsa ita ce jikinsa duka, don haka shafensa ya zama na ƙasa da makuba, da dakali a gindi, da indararo mai tsawo, da gangarar da ke kai ruwa nesa. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce kada shafe ya fi bango ƙarfi. Bangon bulo mafitarsa difisi da leɓe. Sai bango na uku, wanda bai yawaita ba tukuna amma yana shigowa ta shaguna da ofisoshi: firam na ƙarfe da aka rufe da allon siminti aka yi masa filasta a waje. Wannan ne kaɗai ke bukatar ƙarfen tsiyaya na ainihi, kuma a nan ma akwai zaɓi. Zurfin leɓen ya yi daidai da kaurin filastar da za a yi. Ƙarfe mai rufin zinki, irin na kwanon rufi, ya wadatar a Katsina, tunda babu iskar teku mai gishiri irin ta Legas da ke cinye ƙarfe. Roba ba ta tsatsa, amma in ba mai jure rana ba ce zafin nan zai sa ta yi tauri ta karye. Takardar ta sauko bisa kafaɗar ƙarfen, kada ta shige bayanta, in ba haka ba an karkata ruwan ne zuwa cikin bango da hannu. Sannan a tsaya a kan mai filasta da mai fenti, domin su ne kan toshe hujojin da niyyar aiki ya yi kyau.

Mai musu zai ce Katsina ba Bankuba ba ce, wata takwas rana ke gasa bango, wane danshi ne zai rage? Amsar tana Tawos, wadda ruwanta na shekara bai kai na Katsina ba, amma siminti ya ruɓar da bangon ƙasarta cikin 'yan shekaru. Jimillar ruwan shekara ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne yawan wanda ke sauka a lokaci guda da kuma tsawon zaman da yake yi a cikin bango. Tubalin da ya jiƙe makonni kaɗan a Agusta ya isa ya zauna, ranar Afrilu ba za ta tashe shi ba. Kuma akwai ruwan da ba ya jiran damina: na wanka da wanke-wanke da alwala da ke bin rariya a gindin katanga kullum, da na bututun da ke yoyo a cikin bango. Duk wanda ya ga katangar bayan gida ta yi baƙi daga ƙasa a tsakiyar rani ya ga wannan. Wani kuma zai ce hujoji a gindin bango ƙofa ce ga kunama da kyankyaso da gara. Hujojin ƙarfen tsiyaya ƙanana ne, kuma ba cikin ɗaki suke kaiwa ba. Game da gara kuwa, maganar juyawa take yi. Gara danshi take so da duhu, filastar da ta sauka har cikin ƙasa ita ke ba ta rufin da za ta hau a ɓoye. In aka bar santimita 10 zuwa 15 a buɗe, dole ta gina hanyarta ta laka a fili, mai shara ya gani ya kankare.

Musun da ya fi nauyi shi ne na kuɗi da lokaci, kuma yana da gaskiya a cikinsa. Yaɓe yana son maimaici, ma'aikaci ko ɗan kasuwa ba shi da ranakun kwaɓa ƙasa, aikin gayya ya yi rauni. Kayan ma sun yi wuya: karofi sun ragu, katsi ya ragu tare da su, ɗorawa ta yi nisa da gari, kududdufan da ake ɗibar ƙasa an cike da yawansu an gina gidaje. Mutanen Jenne a Mali suna fita gari guda su yaɓe babban masallacinsu kowace shekara, Agadas ma ta riƙe hasumiyarta mai mita 27 da irin wannan kulawa, amma waɗannan gine-ginen jama'a ne, ba za a ɗora wa magidanci ɗaya nauyinsu ba. Ban ce kowa ya koma tubali ba. Abin da nake cewa shi ne a yi lissafin da gaskiya. Mai gidan ƙasa da ya shafa siminti bai huta da gyara ba, ya tara shi ne ya biya gaba ɗaya, wani lokaci da rushewar ɗaki. In ba zai iya yaɓe bango duka ba, mafi arha shi ne ya tsawaita indararo ko bakin kwano, ya gyara dakali, ya lura da bangon gabas. In kuma ya riga ya yi filasta, ya sa a yanke ta daga ƙasa zuwa tsayin taƙi ɗaya ko biyu, a cike wurin da ƙasa da makuba, bangon ya samu inda zai fitar da danshi. Mai ginin bulo kuwa, kuɗin leda da ɗan ƙarin aikin leɓe ba su kai kuɗin fentin da zai riƙa sakewa duk bayan damina ba. Haka tayil ɗin da ake mannawa a gindin bango don ɓoye tabon danshi: tabon yana ɓoyuwa, amma danshin hawa yake ƙarawa, sai fenti ya fara kumbura daga saman layin tayil, ko ya ɓullo ta cikin ɗaki.

Akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin magidanci, kuma mai yawo a tsohon gari ba zai rasa ganinsa ba. A lunguna da yawa sai an sauka mataki ɗaya ko biyu kafin a shiga zaure, domin hanya ta hau, gida yana nan inda yake. Duk lokacin da aka zuba birji ko aka shimfiɗa intalok ko aka yi daɓen siminti a bisa tsohuwar hanya ba tare da an kwashe ta ƙasa ba, gindin gidajen da ke gefe yana ƙara nutsewa. Santimita 15 ɗin da magini ya bari sai su koma biyar, su koma babu, difisi ya shige ƙarƙashin ƙasa. Daɓen da aka kai har jikin bango kuma yana hana ƙasar wurin bushewa, danshin da ya rasa mafita sai ya bi bango. Ga lambatu da ke cika da leda da yashi, ga kududdufan da a da suke karɓar ruwan unguwa an toshe su. Gyaran lungu alheri ne, babu mai son taɓo a ƙofar gidansa, amma mai zuba hanya ya kamata ya auna tsayinta da gindin gidajen mutane, ya karkata ta zuwa tsakiya ko zuwa magudana, ya bar ɗan tsakani na tsakuwa a jikin katanga. Hukumar da ke amincewa da zanen gini ita ma tana da abin yi mai sauƙi: ta nemi a nuna mata tsayin difisi daga hanya da inda filasta za ta tsaya, kamar yadda take neman a nuna mata faɗin fili.

Katsina tana da abin da garuruwa da yawa suka rasa, wato gine-ginen ƙasa na ƙarnoni da na siminti na bana a tsaye kusa da juna, ruwa ɗaya yana dukansu, kowa yana iya zuwa ya kwatanta. Ɗaliban zanen gini da injiniyanci na makarantun garin, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, za su ƙaru ƙwarai in aka zaga da su lungunan nan a watan Satumba tare da tsofaffin magina, tun masu sanin haɗin makuba da laso suna raye. Mai shirin gini ko gyara kuwa, kafin ya yi cinikin buhunan siminti da launin fenti, ya tsayar da magininsa a gindin bango ya tambaye shi: Malam, in ruwa ya shiga bayan shafen nan, ta ina zai fita? In ya nuna wurin da yatsa, a ba shi aikin. In ya ce ai ruwa ba zai shiga ba, a nemi wani.